John Stuart Mill da 'Yancin Mutum: Abin Karɓa da Abin Ƙi

A shekara ta 1859 wani masanin falsafa na Ingila, John Stuart Mill, ya buga littafinsa On Liberty, a kan batun 'yanci. Tushen koyarwarsa shi ne, hukuma ko jama'a ba su da ikon tilasta wa baligi mai hankali, sai dai don a hana shi cutar da wani. Ya kuma ce a bar kowane ra'ayi ya fito fili, gama a wurin muhawara ne gaskiya take bayyana.

Akwai abin da ya kamata mu karɓa a nan. Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa (Farawa 1:27), ya ba shi hankali da lamiri. Bangaskiyar da aka samo da bulala ba bangaskiya ba ce. Mu da muke wa'azi a wuraren da masu bi ba su da yawa mun san darajar dokar da take kare wanda ya saɓa wa ra'ayin jama'a.

Amma Mill ya dogara ga hankali fiye da kima. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana zunubi ya taɓa har tunanin mutum (Irmiya 17:9, Romawa 7:15-24). Sau da yawa zuciya ce take fara so, sa'an nan hankali ya nemo mata hujja. Mill kansa misali ne. Ya yi shekara 35 yana aiki a kamfanin Turawan Ingila da ke mulkin Indiya, kuma a cikin wannan littafi ya ce 'yancin bai shafi al'umman da yake gani ba su waye ba, mulkin danniya ya halatta a kansu in don a gyara su ne. Iliminsa bai hana shi ganin duniya da idon mai mulki ba. Irin wannan ne Reinhold Niebuhr ya yi gargaɗi a kai a 1932, cewa ƙungiyoyi da ƙasashe sukan lulluɓe son kansu da kyawawan dalilai.

Na biyu, Mill ya raba rayuwa kashi biyu: abin da ya shafi mutum shi kaɗai, da abin da ya shafi wasu. Ya yarda a hukunta mashayin da ya kasa ciyar da iyalinsa. Amma ina zunubin da yake tsayawa a kan mai shi kaɗai? Bulus ya koyar cewa mu gaɓoɓin jiki ɗaya ne (1 Korintiyawa 12), kuma mai bi ba mallakar kansa ba ne, an saye shi da tsada (1 Korintiyawa 6:19-20).

Saboda haka sai mu rarrabe. A matsayin iyaka ga takobin hukuma, koyarwar Mill tana da amfani, kuma sanin zunubi yana ƙara mata ƙarfi, gama mai mulki ma mai zunubi ne. A matsayin bayanin ko wane ne mutum, ta gaza. Kada fasto ya nemi hukuma ta tilasta abin da Ruhu Mai Tsarki kaɗai yake aikatawa. Kada kuma ya yi shiru sa'ad da ɗan ikilisiya ya ce masa, "Ina ruwanka da rayuwata?"

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambancin horon ikilisiya da tilascin hukuma?
2. Ta yaya za mu gane sa'ad da hankalinmu yake yi wa son zuciyarmu hidima?