Jinjina ga Mawallafin Ganɗoki

Babu shakka daga cikin ayyukan ƙaga labari ba abin da ya kai wuyar siffanta jarumin da ba ya kayuwa, domin mai karatu, muddin ya sakankance cewa nasara ta riga ta tabbata, sai ransa ya yi sanyi, ya ajiye littafin. Saboda haka Malam Muhammadu Bello Kagara ya cancanci yabo na musamman bisa hikimar da ya nuna cikin Ganɗoki, wanda aka buga a 1934. Ya ba gwarzonsa ƙarfi da zuciya irin waɗanda suka wuce misali, har ya kai shi yaƙi da aljannu a ƙasashe masu nisa, amma da fari sai da ya tsayar da shi gaban bindigogin Nasara, inda ƙaddara ta riga ta zartar da hukuncinta, takobi kuwa, komai kaifinsa, bai isa ya sāke tarihi ba. Ga ra'ayina nan ne fasahar take, gama mutumin da ya ga rushewar daular sarakunansa, in ya yi kirari, ana jin ciwo a ƙarƙashin alfaharinsa, yaran da yake ba labarin kuma suna saurarensa da tausayi tare da mamaki.