Spencer Tracy, Uban Amarya

A fim ɗin Father of the Bride, wanda kamfanin MGM ya fitar a 1950 bisa umarnin Vincente Minnelli, Spencer Tracy ya fito a Stanley Banks, wani lauya mai rufin asiri da ke shirin aurar da 'yarsa mace tilo, Kay. Elizabeth Taylor ce amaryar, tana da shekara 18 lokacin da fim ɗin ya fito.

Abin da nake jinjina wa Tracy a kai shi ne iya sauraro. Yawancin 'yan barkwanci da zare ido da murguɗa baki suke neman dariya. Shi kuwa sai ya bari magana ta shige shi tukuna. Ana cin abinci Kay ta furta cewa za ta auri saurayinta Buckley, kamar ba wani abu ba. Dubi fuskar uban a nan: jin maganar daban, fahimtarta daban, haɗiye ta kuma daban, kowanne da lokacinsa. Wannan ɗan jinkirin ne ke sa mai kallo ya riga shi gane halin da ya shiga, dariya ta kuɓuce.

Haka yake yi lokacin da ya gwada tsohuwar kwat ɗinsa domin bikin, wadda ta matse shi. Ya shanye tumbi, ya ɓalla maɓalli da ƙyar, ya tsaya gaban madubi cike da gamsuwa. Bai nuna mana ya san abin dariya ne ba, shi har zuciyarsa ta yi masa daidai. Da ya ɗan kanne ido ga mai kallo, da komai ya rushe.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne daren jajibirin biki. Mugun mafarki ya tashe shi, ya sauko kicin, ya iske Kay ita ma tsoro ya hana ta barci. Ta ce ganinsa kusa da ita ne zai ƙarfafa mata gwiwa, don shi ba abin da ke razana shi. Mu da muka ga mafarkin mun san gaskiya. Tracy ya riƙe fargaba da alfahari a fuska ɗaya, ya lallashi 'yarsa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

An sa sunansa cikin 'yan takarar Oscar saboda wannan rawar. Steve Martin ya maimaita ta a 1991 da tsalle-tsalle da motsin jiki, ya kuma yi ƙoƙari, amma ni na Tracy nake komawa in kalla.