Ƙasa ba ta ci amanar kowa ba

Bara ƙanena ya rushe soron da kakanmu ya gina nan Madarumfa, ya tada ɗaki biyu na bulon siminti, ya rufa kwano. Da bazara ta kama sai ga shi da tabarma a tsakar gida, shi da iyalinsa, don ɗakin ba ya shiguwa sai dare ya raba. Inna kuwa tana cikin ɗan soron da ya rage mata, randarta a lungu, ruwan da sanyinsa kamar na asuba. Na ce masa, "Kai, me ka saya da kuɗin nan?" Ya ce, "Yaya, mutunci na saya. Wa zai ba ɗana mata in ya tarar da mu a gidan ƙasa?"

Ban ga laifinsa ba. Kuma bayan mutunci akwai tsoro. Duk wanda ya ga daminar 2024 ya san yadda gidajen ƙasa suka zube a jihar Maradi, aka rasa rayuka, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Dattawa ma suna ba da labarin ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi garin Maradi daga kwari zuwa tudu.

Amma na bi na duba katangun da suka faɗi a unguwarmu. Kusan dukkansu ta gindi ruwa ya ci su. Wasu an gina su a kan hanyar ruwa, kusa da fadama, inda kakanninmu ko rumbu ba sa kafawa. Wasu sun shekara biyar ba su ga yaɓe ba, indararo ya toshe, ruwa ya kwana bisa soro. Maginan dā sun san wannan duka. Sai an cuɗa ƙasa da ramno, an bar ta ta ruɓa kwanaki, a mulmula tubali a shanya, a yi katanga mai kaurin gindi tana sirancewa zuwa sama, sannan a shafe ta da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa. Mu muka yar da wannan ilimi, muka riƙe ƙasar kawai, sannan muka ɗora mata laifi.

Abu guda da ya gagari soro a yau shi ne azara. Giginya ta yi ƙaranci, sai an yo odarta daga wajen Gaya, itacen dajin Baban Rafi kuma bai kamata mu ƙarar da shi a rufin ɗaki ba. To, wannan ma an daɗe da samo masa mafita a ƙasarmu. Tun 1980 aka fara gini ba itace a Chikal, wajen Filinge, da taimakon ƙungiyar Development Workshop: ana rufe ɗaki da tubalin ƙasa zalla, a lanƙwasa shi ya zama ƙubba, dabarar da aka ɗauko daga Nuba ta Masar. Ga wanda ya tashi yana ganin bakan gizo da ɗaurin guga, wannan ba baƙon abu ba ne.

Mai cewa ƙasa ta talaka ce ya je Dandaji a jihar Tawa. A 2018 Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Tsohon kuwa aikin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Ba cewa nake a ƙaurace wa siminti ba. A sa shi inda ruwa ke duka: harsashi, a ɗaga shi ya kai gwiwa, da bakin indararo. Sauran a bar wa ƙasa, wadda amalanken shanu ke kawowa, kuɗinta kuma ya tsaya a hannun matasan gari maimakon ya bi tirelar siminti zuwa Malbaza ko ya tsallaka iyaka ta Ɗan Isa.

Sai dai talaka ba zai fara ba, kuma bai kamata a ce shi zai fara ba. Muddin alhazai da ofisoshin hukuma siminti suke sa wa ido, ɗan'uwana zai ci gaba da jin kunyar soro. A fara da makarantu. Har yau zuciyata ba ta saki yaran nan sama da 20 da gobara ta cinye cikin azuzuwan zana a Maradi ba, a Nuwamban 2021. Ajin ƙasa mai ƙubba ba ya kama wuta, kuma yaro zai iya karatu a cikinsa da azahar ɗin Afrilu.

Ƙanena yana shirin ƙara ɗaki na uku bayan kaka. Na ce masa simintin harsashi a wuyana, in ya yarda a tada sauran da ƙasa. Bai ce e ba tukuna, amma jiya na same shi yana ƙailula a soron Inna, kuma ya tambaye ni ko tsohon maginin nan na bayan kasuwa yana karɓar aiki.