Aida, baiwar Habasha, a hannun masu tsara wasa na zamani

A daren 24 ga Disamba 1871 aka fara nuna Aida a gidan opera na birnin Alƙahira. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera dukan zancensa da waƙa, makaɗa masu yawa suna raka muryoyi tun daga buɗe labule har rufe shi. Giuseppe Verdi, mutumin Italiya, shi ya tsara kiɗan. Isma'il Pasha, mai mulkin Masar a lokacin, shi ya nemi aikin, ya biya faran 150.000. Ƙashin labarin ya fito daga hannun Auguste Mariette, Bafaranshe masanin tarihin fir'aunoni, sannan Antonio Ghislanzoni ya mai da shi baitoci cikin Italiyanci. Shekara fiye da 150 ke nan, amma har yanzu manyan gidajen opera na duniya ba su daina ɗinka wa wasan sabuwar riga ba, kuma kowace riga da gardamar da take jawowa.

Labarin gajere ne. Aida ɗiyar Amonasro ce, sarkin Habasha, an kamo ta a yaƙi ta zama kuyangar Amneris, ɗiyar Fir'auna, ba wanda ya san asalinta. Su biyu suna son mutum ɗaya, Radames, sarkin yaƙin Masar, shi kuwa Aida yake so. Ya fita yaƙi ya ci Habasha, ya dawo da ganima da bayi, cikinsu har da mahaifin masoyiyarsa. Uban ya tilasta wa ɗiyarsa ta tatso sirrin hanyar da rundunar Masar za ta bi. Asiri ya tonu, malaman tsafi suka yanke wa Radames hukuncin binnewa da rai. Da aka rufe dutse, sai ya iske Aida ta riga shi shiga kabarin.

Abin da ke damun masu tsara wasa a yau shi ne yadda aka saba nuna wannan labari. Tsawon ƙarni guda, Aida na nufin dalar fir'auna ta kwali, da dawaki, wani lokaci har da giwaye, da Turawa masu waƙa da aka shafa musu baƙin kwalli a fuska don su yi kama da Habashawa. Edward Said, cikin littafinsa na 1993 kan al'adu da mulkin mallaka, ya ɗauki wasan a matsayin hoton Masar da Turai ta zana don jin daɗin idonta. Tarihi ma ya ƙara wa zancen nauyi: shekaru kaɗan bayan daren farko, a 1875 da 1876, sojojin Isma'il suka afka wa Habasha da gaske, sai dai su aka ci, a Gundet da Gura. Batun shafa baƙi kuwa ya fashe a Yuli 2022, lokacin da Angel Blue, mawaƙiya baƙar fata ƴar Amurka, ta janye daga wani wasa a dandalin Verona saboda an shafa wa masu waƙar Aida baƙi a can.

Amsa ta farko ta zo daga Paris a Fabrairu 2021, cikin kullen korona, aka nuna wasan ta majigi ba tare da ƴan kallo a zaure ba. Lotte de Beer, ƴar Holan, ta ɗauke labarin daga zamanin fir'aunoni ta kai shi cikin wani gidan adana kayan tarihi na Turai a ƙarni na 19. Aida da mahaifinta suka zama manyan ƴan tsana, waɗanda aka ƙera bisa zanen Virginia Chihota ta Zimbabuwe, mawaƙan kuwa suna tsaye a gefensu cikin baƙaƙen tufafi. Manufar a fili take: Habashawan Verdi ƙirar tunanin Turai ne. Sai dai garin gyaran gira an rasa ido. Idan Radames ya rungumi ƴar tsana alhali muryar tana fitowa daga wata mata a bayanta, mai kallo zai rasa wadda zai tausaya wa. An so a ƴanta Aida daga kallon raini, aka ƙare da raba ta da jikinta.

A Satumba 2022, Robert Carsen ya bi wata hanya a Landan. Ya share dala da gumaka da bishiyar dabino gaba ɗaya, ya kafa ƙasar soja ta zamani, bangon siminti ko'ina, tutoci da kakin soja. A wurin bikin nasara, inda aka saba ganin jerin gwanon ganima, sai ga akwatunan gawa lulluɓe da tuta. Wannan dabara ta dace da kiɗan. Verdi ya sa an ƙera masa dogayen ƙahoni na musamman don wannan biki, masu kama da kakakin fada, kuma amonsu ya kan sauya ma'ana idan ido yana kallon abin da nasarar ta ci. Ta fuskar nuna muguntar yaƙi da haɗin bakin masu mulki da malaman tsafi, tsarin Carsen ya fi sauran ƙarfi. Aibinsa ɗaya ne: ya warware matsalar Afirka ta hanyar fitar da Afirka daga dandali. Baki yana ambaton Masar da Habasha da kogin Nilu, ido bai ga ko ɗaya ba.

Gidan Metropolitan na New York ya fito da nasa a daren 31 ga Disamba 2024, ya maye gurbin tsarin Sonja Frisell da aka yi ta nunawa tun 1988. Michael Mayer ya bar Masar ta dā da adonta, amma ya ƙara masu tonon kayan tarihi na Turai, suna shiga kabari da fitila, daga baya a gan su suna ficewa da gumakan da suka tono. Angel Blue ce ta rera Aida. Tunanin yana da tushe, tunda Mariette kansa mai tono ne, kuma zancen mayar da kayan da aka kwashe daga Afirka ya yi zafi tun bayan da Faransa ta mayar wa Benin abubuwa 26 a 2021. Amma masu tonon nan ba su taɓa zuciyar labarin ba. Ana iya cire su, wasan ya tafi daidai. Tsari ne na mai son ya gamsar da masu neman ƙawa, ya kuma toshe bakin masu suka.

Ma'aunin da ya kamata a auna dukansu da shi yana cikin kashi na uku, a bakin Nilu da dare. Babu taro a nan, babu kakaki. Aida ce ita kaɗai, wata sarewa mai kama da algaita tana raka ta, tana tuna ƙasar da ta san ba za ta sake gani ba. Sai mahaifinta ya fito daga duhu, ya fara da lallashi, ya koma tsawa, ya tuno mata da uwarta da ta rasu, ya ce ya cire ta daga cikin ƴaƴansa, har ta durƙushe ta yarda. Duk wanda ya saurari wannan wuri da kunnen basira zai gane inda Verdi ya jingina: mafi taushin kiɗansa ya ba baiwar, mafi sanyinsa ya ba malaman da ke yanke hukunci. Shi ya sa Leontyne Price, baƙar Ba'amurkiya, ta riƙe wannan rawa shekaru da dama, kuma da ita ta yi ban kwana da dandalin Metropolitan a Janairu 1985. A muryarta Aida ɗiyar sarki ce da aka ƙasƙantar, ba kayan ado ba.

Darasin ya wuce gidajen opera. Duk malamin makaranta ko ƙungiyar al'adu da ta taɓa ɗaukar tsohon labari ta ɗora a dandali ta san wannan tsaka mai wuya: a bar shi yadda aka gada da aibinsa, ko a gyara shi har a rasa kamanninsa. Abin da Paris da Landan da New York suka nuna shi ne, sharhin mai tsara wasa yana da amfani muddin ya bar mutumin da ke cikin labarin da ransa. A Landan an ga yaƙi da idon gaskiya, a New York an ji Aida da muryar da ta dace da ita, a Paris an yi tambayar da ta kamata ta hanyar da ba ta kamata ba. Tsarin da zai haɗa ukun wuri guda, ya bar Aida Bahabashiya, mace mai jini a jika, a tsakiyar dandali, shi ne bashin da manyan gidajen opera ke ɗauke da shi.