Fuskoki Biyu na 'Yar Ruwa: Katun da Tatsuniya

Ɗalibanmu sun san Ariel, 'yar ruwan katun ɗin Disney na 1989, wadda ta auri yarima aka sha biki. A tatsuniyar asali kuwa, wadda Hans Christian Andersen na ƙasar Denmak ya wallafa a 1837, mayya ce ta yanke mata harshe, kowane taku nata tamkar taka kaifin wuƙa. Yarima ya auri wata, ita kuma ta ƙi kashe shi, ta faɗa teku jikinta ya zama kumfa. Katun ya kawar da wannan sadaukarwa, alhali a nan darasin yake. Don haka muna ganin ya dace manhaja ta gwama su biyun, domin tatsuniyar da aka tsame wa ɗacinta ta rasa rabin tarbiyyarta.