Yaron Fim Ya Girma, Kowa Ya Watse

A watan Mayun 2025 kamfanin HBO ya bayyana yara uku da za su fito a sabon shirin Harry Potter mai dogon zango, bayan tace dubban yara. Nan take aka ɗau tafi, ana yaɗa hotunansu, ana cewa kakarsu ta yanke saƙa. Abin takaici shi ne, masu tafin nan su ne za su dawo nan gaba suna tambayar ina yaron nan ya shige, alhali da idonsu suka ga lokacin da aka yar da shi.

Haka aka yi wa Jack Wild. An haife shi a Royton ta Lankasha a 1952. Yana buga ƙwallo a wani fili a yammacin Landan June Collins, mahaifiyar mawaƙi Phil Collins, ta hango shi ta jawo shi harkar wasa. A 1968 ya fito a fim ɗin Oliver! na Carol Reed a matsayin Artful Dodger, ɗan sane mai doguwar hula da kwat da ta fi ƙarfinsa, mai tafiya yana rangaji kamar shi ke da titin. Fim ɗin ya lashe Oscar shida, shi kuma sunansa ya shiga takarar kyautar yana ɗan shekara 16. A 1969 Amurka ta ɗauke shi shirin H.R. Pufnstuf, fuskarsa ta cika mujallun matasa.

Daga nan sai ya girma, masana'antar kuwa ba ta tanadi komai don wannan ranar ba. Gajere ne mai fuskar yara, don haka har ya haura ashirin matsayin yaro ake miƙa masa, daga baya ma aka daina kira. Giya ta cike gurbin aikin. A 1989 ya yi ta maza ya daina sha, ya samu ɗan matsayi a Robin Hood: Prince of Thieves a 1991. Sankarar baki ta kama shi, a 2004 aka cire masa harshe da akwatin murya. Ya rasu ranar 1 ga Maris 2006 yana shekara 53.

Yadda ake ba da labarinsa shi ya fi ciwo. Kullum "yaron da ya lalace" ne, sai ka ce shi kaɗai ke wurin. Ina manyan da suka ci riba da fuskarsa? Ina waɗanda suka ga matashi da kuɗi da kwalba suka kau da kai? Ba a tambayarsu. Har Mark Lester, wanda ya fito a Oliver ɗin kansa, da ya bar fim ya koyi aikin gyaran ƙashi da gaɓoɓi ya zauna lafiya, sai a jefa shi jerin waɗanda tauraronsu ya dishe. Wanda ya zauna ya sha wuya an zarge shi, wanda ya tsira da mutuncinsa an ce ya gaza.

Gaskiya dai an samu gyara. A Ingila yau sai ƙaramar hukuma ta ba da lasisi kafin yaro ya yi fim, da mai rakiya, da malami, da ƙayyade awannin aiki. Amma duk wannan yana ƙarewa ne idan yaro ya kai shekarun barin makarantar dole, wajen 16, daidai lokacin da haɗarin ke somawa. Wild ya san haka, shi ya sa ya rubuta wa Daniel Radcliffe buɗaɗɗiyar wasiƙar gargaɗi da aka ba shi Harry Potter. Radcliffe ya samu kulawar da Wild bai taɓa gani ba, duk da haka da bakinsa ya faɗa cewa a finafinan ƙarshe yakan zo wurin ɗauka da sauran mayen daren jiya a kansa, kafin ya daina sha a 2010.