Kirari Juyayye: Nazarin Faifan Dirt

Kunnen da ya saba da kiɗan Kassu Zurmi ya san cewa waƙa ba ta gudun duhu. Makaɗin maza kan ambaci mutuwa da jini domin ya zuga ɗan tauri ya faɗa fage. Da wannan ma'auni za a auna Dirt, faifan da ƙungiyar Alice in Chains ta birnin Siyatul a Amurka ta fitar a 1992.

Jigon faifan shi ne halakar da mutum ke jawo wa kansa. Waƙar "Them Bones" tunanin mutuwa ce, "Junkhead" da "God Smack" kuwa sun tsaya kan ƙangin hodar heroyin. Jerry Cantrell ya tsara "Would?" domin tunawa da mawaƙi Andrew Wood, wanda ƙwaya ta kashe a 1990. "Rooster" ce ta fi kusa da waƙar maza, domin jinjina ce ga mahaifin Cantrell da ya tsira daga yaƙin Biyetnam.

A nan ne hanya ta rabu. Kirarin ɗan tauri waje yake fuskanta, ga abokin karo. Layne Staley kuwa ya juya kirarin ciki, ya zama shi ne mai zuga, shi ne kuma abin sara. Salon ya dace da jigon: sautin jita mai nauyi yana jan ƙafa kamar mai ɗauke da gawa. A kiɗanmu 'yan amshi kan ƙarfafa jagora. A nan muryar Staley da ta Cantrell tafe suke manne da juna, tamkar mutum da zuciyar da ke ruɗinsa.

Sai dai faifan yana da rauni. "Junkhead" ta ari bakin mashayi mai alfahari, kuma wanda ya saurare ta ita kaɗai zai iya ɗaukar ta a matsayin zuga. Irin wannan zargi ne ya bi Gambu mai waƙar ɓarayi. Ga al'ummar da kodin ya addaba har gwamnatin Nijeriya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Duk da haka, wanda ya bi faifan daga farko zuwa ƙarshe zai ga alfaharin ya koma nadama da kaɗaici. Darajarsa ita ce ya nuna ciwon yadda yake, bai shafa masa zuma ba. Ƙwayar da Staley ya rera ita ta kashe shi a 2002, yana da shekara 34.